Darasi na Bakwai: Ba da Labari a Kan Taswira

A ƙarshen watan Agustan 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan. Cikin kwana goma sama da mutum 500 suka rasu. Galibin likitocin zamanin suna ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Wani likita mai suna John Snow bai yarda ba. Ya bi gida-gida yana tambaya: wa ya rasu a nan, kuma daga ina kuke ɗebo ruwan sha? Amsoshin suka yi ta komawa wuri guda, famfon da ke Titin Broad. Ya shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon. Daga baya ya fitar da taswira, ya ja ɗan baƙin layi ɗaya a madadin kowane mamaci, daidai ƙofar gidansa. Duk wanda ya kalle ta zai ga layukan sun yi cincirindo kewaye da famfon, suna raguwa yayin da ake nisa da shi.

Akwai wata mata da ta rasu can Hampstead, nesa da Soho. Da aka bincika, ashe ruwan wannan famfon ake kai mata, don ta fi jin daɗinsa. Ku riƙe labarin matar nan, za mu dawo kansa.

Abin da Snow ya yi da alƙalami da takarda, yau ana yin sa da wayar hannu, har da ƙari. Ana iya liƙa hoto, bidiyo, murya da rubutu a jikin kowace alama da ke kan taswira. Mai karatu ya latsa alama, labarin wurin ya buɗe. Ya zuƙo ya ga lungu, ya ja da baya ya ga ƙasa baki ɗaya. Linzamin yana hannunsa, shi ya sa ake ce wa irin wannan labari mai mu'amala.

Kafin ku taɓa waya

Ku ɗauki takarda tukuna. Ku rubuta labarin a jimla ɗaya, misali: "Tafiyar da kakata ta yi daga inda aka haife ta zuwa inda ta tsufa." Sai ku jera wuraren da labarin ya ratsa. Biyar zuwa bakwai sun isa ga mai farawa. A gaban kowane wuri ku amsa tambaya ɗaya: me ya faru a nan wanda bai faru a wani wuri ba? In amsa ta gagara, ku soke wurin. Da yawan masu koyo a nan suke tuntuɓe. Sai su cika taswira da alama talatin don kawai manhajar ta ba su dama, mai karatu ya latsa uku ya gaji. Matar Hampstead alama ɗaya ce tak, amma ta ƙarfafa hujjar Snow fiye da layuka da yawa, domin ta yi watanni ba ta taka Soho ba, ruwan ne kawai ake kai mata daga can.

Kayan aiki

Google My Maps ya fi sauƙi: ku dasa alama, ku ba ta suna, ku saka hoto da bayani. StoryMapJS, wanda sashen Knight Lab na Jami'ar Northwestern da ke Amurka ya ƙirƙira, kyauta ne, kuma yana jan mai karatu shafi bayan shafi, taswira tana tafiya da shi daga wuri zuwa wuri. Akwai kuma ArcGIS StoryMaps na kamfanin Esri, wanda ya fi su kayan ado. A ganina, ku fara da na farko. Harhaɗa aikin ya fi daɗi a kwamfuta, waya kuma ta yi ɗaukar hoto da murya.

Lambobin wuri

Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu. Ta farko tana nuna nisansa arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu a tsakiya. Ta biyu tana nuna nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa unguwar Greenwich da ke Landan. In kun ɗora yatsa a kan wuri a Google Maps kun ɗan jima, lambobin za su fito. Na tsakiyar Landan kusan 51.5 ne da -0.1. Ku lura da jerinsu da kyau, ku lura da ɗan layin da ke gaban lamba, shi ke nuna kudu ko yamma. In kuka juya waɗannan biyun, kuka sa -0.1 a gaba, alamarku za ta faɗa tsakiyar Tekun Indiya, gabas da Somaliya. Duk sanda kuka ga alama tana iyo a ruwa, nan za ku fara dubawa.

Hoto ɗaya ya isa kowace alama. Murya kada ta wuce minti ɗaya, ku ɗauke ta inda babu iska, wayar kusa da bakin mai magana. Bidiyo yana cin data, ku ajiye shi sai inda motsi shi ne labarin. Rubutu kuwa, layi uku ko huɗu.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: in an kunna wa kyamara damar sanin wuri, waya tana ɓoye lambobin nan a cikin hoton kansa. Don haka ku nemi izinin duk wanda kuka ɗauka, kuma kada ku dasa alama daidai ƙofar gidan mutum. Ku dasa ta a tsakiyar garin ko a mararraba mafi kusa.

Aiki

Ku zaɓi tafiya ɗaya da kuka taɓa yi. Ku rubuta jimlar labarin da wurare biyar a takarda, sannan ku dasa su a taswira. Ku miƙa wa abokin karatunku wayar, kada ku ce masa komai. Ku zuba ido ku ga alamar da ya fara latsawa, da inda ya tsaya yana neman hanya, ku rubuta su ku zo da su darasi na gaba.