Yadda za ka sa giyar otomatik ta yi laushi, ta kuma daɗe

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a shataletalen Suame a Kumasi da azahar ya san abin da mota ke sha: ƙafa kan birki, giya na D, iska ba ta ratsa lagireto. A nan man giya ke dahuwa. Giyoyi da yawa da ake saukewa a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, zafi da man da bai dace ba ne suka kai su. Don haka kafin ka yarda a buɗe taka, bi waɗannan.

Fara da duba man. Yi tafiyar kamar minti 15, ka tsaya a wuri mai daidai, injin na aiki. Taka birki, ka zaga da giya P, R, N, D, ka dawo P. Zare sandar awo, ka goge, ka mayar, ka sake zarewa. A Honda kuwa, ana kashe injin sannan a auna nan take. Ɗiga man a farin ƙyalle ka shinshina. Ja garai, lafiya lau. Ruwan ƙasa, lokacin canji ya yi. Baƙi mai ƙauri, farantan kuloc sun fara ci. In kuwa ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, galibi ta lagireto, kada motar ta ƙara motsawa. Sabbin motoci da yawa ba su da sandar, sai an ɗaga su a auna ta ƙasa.

Sai sayen mai, inda aka fi cutuwa. Wani yaron shago ya taɓa ce min, "Alhaji, man giya ai man giya ne, ja ne duka." Na biye masa. Ba a yi sati biyu ba motar ta fara zabura in za ta shiga ta biyu, har mai ɗakina ta tambaya ko rami muka faɗa. Kowace giya da nata: tsofaffin Toyota T-IV, na baya-bayan nan WS, Honda DW-1, Hyundai da Kia SP-III ko SP-IV, Nissan mai CVT (giyar da ke aiki da bel, ba ta da matakai) kuma NS-2 ko NS-3. Yana rubuce a sandar awo ko a littafin mota. A kula, yawancin Corolla da ake shigowa da su daga Amurka, daga 2014 zuwa sama, CVT ne, kuma man giya na yau da kullum yana lalata su.

Wajen canji, in an kwance notin zubar da mai, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ne kawai ke fita, lita 3 zuwa 4, sauran na cikin kwambata, wato tulun da ke haɗa inji da giya. Auna abin da ya fito, a zuba daidai shi, don cikawa fiye da kima na sa kumfa. Yi mako kana hawa, a maimaita, har sau uku. A karon farko ce wa fita, wato makanike, "Masta, sauke kaskon mu gani." A canja filta, a wanke maganaɗisun da ke ciki. Baƙin laka mai laushi a jikinsa ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe da kake ji a yatsa shi ne matsala. In man ya riga ya ƙone, ni ba na son a tura sabo da inji, datti kan tashi ya toshe ƙananan hanyoyi. A zafinmu da cunkosonmu, canja duk kilomita 40,000 zuwa 60,000. Motar Amurka mil take ƙirgawa, mil 30,000 kusan kilomita 48,000 ne.

Daga nan sanyaya. Man giya ya fi son digiri 80 zuwa 95, in ya haura 120 sai ya lalace da sauri. Bayan hunturu a wanke ƙurar lagireto, a tabbata fanka na tashi. Mai ɗaukar kaya ko mai zirga-zirgar Techiman da Tamale, ya sa a ƙara masa ƙaramin lagireton giya a gaba.

In har yanzu tana jinkiri, a jona kwamfuta. Sau da yawa solenoid ɗaya ne (ɗan bawul na lantarki da ke buɗe hanyar mai), ko soket mai datti, ko batir da ya raunana.

Saura hannunka. Tsaya cak kafin ka sauya daga D zuwa R. A gangare ja birkin hannu kafin ka sa P, kada nauyin mota ya rataya a kan ɗan ƙarfen da ke kulle giya. In za ka sauko tsaunin Mampong, sa 2 ko L, kada ka sake ta a N don tsimin fetur. Ranar da ta mutu a hanya kuma, kada a ja ta da igiya har Magazin, domin famfon mai ba ya aiki in injin na kashe. A ɗora ta a mota.