Masu kawo yara New York, ku taho da takardun sakamakonsu

Jama'a, in za ku kawo yaro daga gida ya ƙarasa sakandare a New York, don Allah ku taho da takardun sakamakonsa na JSS3 zuwa SS2, masu hatimin makaranta da sa hannun firinsifal.

Kada ku bar su a akwati a Kano.

Dalili, a makarantun gwamnati na birnin nan sai yaro ya tara kiredit 44 (abin da ake ƙirga masa a kan kowane darasin da ya kammala ya ci) kafin a ba shi diflomar gama sakandare, Turanci kaɗai 8 ne, lissafi 6, kimiyya 6, har motsa jiki ana ƙirgawa, ga kuma jarrabawar jihar New York da ake kira Regents guda 5 da ake so ya ci maki 65 a kowace. In kun kai takardun, mai ba ɗalibai shawara zai duba ya ƙirga masa abin da ya riga ya karanta. JSS3 ɗinmu shi ne aji 9 a nan.

Ni ɗiyata haka muka zo hannu rabbana, sai da na sa ƙanena ya je makarantarta ta gida ya karɓo, wata biyu muna jira tana zaune da yaran da ta girme su, tana dawowa gida rai a ɓace. Wallahi abin ya dame ni.

'Yan Nijar, naku na Faransanci ne, makaranta za ta iya sa a fassara.

Amma fa in takardar ba hatimi ko ba a rubuta shekara da darussa dalla-dalla ba, za a iya ƙin ƙirgawa. Kuma wannan lissafin na New York ne, in kuna Texas ko Maryland ku tambayi makarantar yaron nasu tsarin.