Yadda Za Ka Gane Ko Riba Kake Ci Ko Uwar Kuɗi

Sana'a tana iya karyewa alhali ciniki na tafiya. Masu saye na shiga suna fita, aljihu bai taɓa bushewa ba, amma duk zuwa sari kayan da ake iya ɗaukowa raguwa suke yi. Mai shago yana cin uwar kuɗi, shi kuwa a zatonsa riba ce. Littafi biyu da biro sun isa a fara gyara wannan.

Da farko raba kuɗin sana'a da na gida. Akwati daban, asusun banki daban. Yanka wa kanka albashi na mako ko na wata, wanda sana'ar za ta iya ɗauka, kada ka wuce shi. Ko kaya ka ɗauka daga shago don amfanin gida, rubuta shi ka cire daga albashin. Irin wannan ɗan ɗauke-ɗauken shi ya fi wuyar ganewa, don ba wanda yake jin zafinsa a ranar.

Littafi na farko ka ja masa layi huɗu: kwanan wata, bayani, abin da ya shigo, abin da ya fita. Kullum kafin ka rufe, ware minti 15 ka ƙirga kuɗin hannu ka gwada da abin da littafi ya ce. Idan sun saɓa, nemo dalili a daren, domin bayan kwana uku ba mai tunawa. Kuɗin da aka turo ta waya kada ka rubuta sai ka gan su a asusunka da idonka. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Littafi na biyu na bashi ne kawai.

Sai farashi, inda aka fi tafka kuskure. Kuɗin kaya ba abin da ka biya a wurin sari ba ne kaɗai. A ce ka saro guda 100 a kan 10,000, dako da lodi suka ci 800, guda 4 suka lalace a hanya. Ka kashe 10,800 a kan guda 96, kowane ɗaya ya tsaya maka a 112.5 ke nan. Idan ka sayar a 120 kana murnar ribar 20, ainihin ribarka 7.5 ce, kuma ba a cire haya ba tukuna.

Akwai wani ruɗani kuma. Abin da ka ɗora a kan kuɗin kaya daban, kason riba a cikin ciniki daban. Kaya ya tsaya a 100, ka ɗora 25, ka sayar a 125. Ribarka kashi 20 ce cikin 100 na kuɗin da ya shigo, ba 25 ba. In kana son kashi 30 na ciniki ya zama riba, raba kuɗin kayan da 0.7, zai ba ka kusan 143, ba 130 ba. Wannan ne ma ya sa ragi yake da haɗari. Ragin kashi 10 a kan 125 shi ne 12.5, rabin ribarka cif. Sai ka sayar da ninki biyu kafin ka koma inda kake. Ragi yana da wurinsa, amma a yi lissafinsa kafin baki ya furta.

Daga nan gano cinikin da dole ka yi kafin a fara maganar riba. Haɗa abin da kake biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba: haya, albashinka da na yaron shago, wuta, haraji. A ce sun kai 60,000 a wata, ribarka kuma kashi 20 ce. Raba 60,000 da 0.2, ya zama 300,000 a wata. In kwana 26 kake buɗewa, kusan 11,500 ke nan a rana. Rubuta adadin a bangon littafinka.

Bashi ba ya kauce wa ɗan kasuwa, amma a sa masa iyaka. Rubuta suna, kaya, rana da ranar biya, mai karɓa ya sa hannu. Ba sabon bashi sai an biya tsoho. A ganinmu, jimlar kuɗinka da ke hannun mutane kada ta wuce kashi 10 na jari. Kula da wa'adi ma: idan mai ba ka kaya kwana 14 yake ɗaga maka, kai kuma kana ba da kwana 30, akwai kwana 16 da za ka cike daga aljihunka, ko da kowa ya biya a kan lokaci.

Kayan da suka yi kwantai kuɗi ne a kwance. Hajar da ke kawo kashi 10 tana ƙarewa duk mako ta fi mai kawo kashi 30 da ke shafe wata uku a kanta. Rubuta ranar shigowa a jikin kowane kwali, wanda ya fara shigowa shi ya fara fita. Abin da ya yi kwana 90 bai motsa ba, rabu da shi ko da a kuɗinsa, ka zuba kuɗin a mai tafiya. Da ciwo, amma ajiye shi ya fi ciwo.

Ƙarshen kowane wata ka ƙirga komai. Haɗa kuɗin hannu da na banki, da kayan shago a kuɗin da suka tsaya maka (ba farashin sayarwa ba), da bashin da ka tabbata za a biya. Cire abin da ake bin ka. Abin da ya rage shi ne jarinka. Gwada shi da na watan jiya. Idan ya ragu wata biyu a jere alhali ciniki bai ja baya ba, duba wurare uku bi da bi: abin da kake ɗauka na gida, littafin bashi, sannan farashin kaya biyar da suka fi tafiya.