Yadda ake warware x > 1/x ba tare da an ɓata rabin amsa ba

Da zarar ɗalibi ya ga x > 1/x, sai ya yi saurin ninka ɓangarorin biyu da x, ya samu x² > 1, ya rubuta x > 1 ko x < −1. Rabin wannan amsar ba daidai ba ne. Gwada −2 ka gani: 1/x zai zama −1/2, kuma −2 bai kai −1/2 ba, balle ya fi shi. Dalili kuwa, ba mu san ko x na sama da sifili ko yana ƙasa ba, alhali duk sanda aka ninka da lambar da ke ƙasa da sifili, alamar > juyawa take yi ta koma <.

Da farko, rubuta a gefe cewa x ba zai zama sifili ba, domin ba a raba lamba da sifili.

Sai ka kwashe komai zuwa hagu, ka bar sifili a dama: x − 1/x > 0. Haɗa su a kan x ɗaya, ka samu (x² − 1)/x > 0, wato (x − 1)(x + 1)/x > 0.

Yanzu nemo inda na sama ko na ƙasa ke zama sifili: −1, 0 da 1. Ja layin lambobi ka sa musu alama. Sun yanka layin gida huɗu, kuma a cikin kowane gida alamar sakamakon ba ta sauyawa, don haka lamba ɗaya ta isa gwaji.

A nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Sa −2, za ka samu 3/(−2), ƙasa da sifili, wannan gida ya faɗi. Sa −1/2: na sama −3/4, na ƙasa −1/2, sakamako 3/2, ya ci. Wannan gidan ne mai saurin ninkawa ke rasawa. Da 1/2 kuwa −3/2 ne, ya faɗi. Da 2 kuma 3/2, ya ci.

Amsa ita ce −1 < x < 0 ko x > 1.

Idan alamar ≥ aka ba ka, sai ka shigar da −1 da 1, tunda a nan x daidai yake da 1/x. Sifili dai yana waje ko da wace alama aka zo.