Yadda ake haɗa kundin itatuwan ƙauye da busassun ganye

Manyan littattafan ilimin tsirrai duk daga abu ɗaya suka faro: wani ya shiga daji ya yanko reshe, ya danne shi cikin takarda har ya bushe, ya rubuta inda ya samo shi da sunan da mutanen wurin suka gaya masa. Haka likita J. M. Dalziel ya yi a Arewa, har a ƙasar Katagum, kafin ya fitar da ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Malamin firamare a ƙauyen Ringim ko ɗalibin aikin gona a Bichi zai iya yin irin wannan aiki da kayan da ke gabansa, in dai ya kiyaye sharaɗi guda: duk reshen da ya shiga kundi ya shiga da lambarsa da bayaninsa. Busasshen ganyen da ba a san inda aka tsinko shi ba, abincin awaki ne.

Matsewa, wato abin da za a danne reshen a ciki, ake fara tanada. A samo fallen katako biyu, kowanne santimita 30 da 45, da tsofaffin jaridu masu yawa, da kwalaye kamar goma da aka yanka daidai girman katakon. Kwalin mai rami-rami a ciki ake so, irin na taliya ko sabulu, domin ta ramukan nan iska ke ratsawa ta kwashe danshi. Ɗauri kuwa, robar tsohon tiyub ɗin babur ta fi igiya, saboda ganye na bushewa tulin yana raguwa, igiya ta saki, ita kuwa roba ta ci gaba da matsewa. Sai almakashi mai ƙarfi, da fensir, da ƙaramin littafin aljihu, da tef ɗin tela.

Bishiyar gona tana da mai ita. A nemi izini kafin a taɓa ɗorawar wani ko tsamiyarsa, in kuma gandun daji ne a fara ganin malamin daji.

Inda akasari ake ɓata aikin shi ne wajen yankan reshe. Ganye kaɗai ba ya isa a gane itace. Reshe ake so mai tsawon kamar santimita 30, da ganyensa a jiki yadda suka jeru, da fure ko 'ya'ya, in an samu duka biyu ya fi. Wannan ne ya sa kundi ba ya kammaluwa a wata guda, sai an zagayo shekara. Gawo a damina tsirara yake, sai ruwa ya ɗauke yake fitar da ganye da fure, saboda haka nasa aikin na kaka ne zuwa hunturu. Ɗorawa tana sako jan furenta mai kama da tuntu a cikin rani, kafin ta ɗaure 'ya'ya wajen bazara. Kuka kuma a farkon damina take fure, furen ya buɗe da yamma, jemagu su sha da dare, kashegari ya yi yaushi ya faɗo. Mai son fure mai kyau na kuka sai ya je da magariba ko da sassafe. A yanki biyu daga kowace bishiya, ɗaya na kundi, ɗaya na aikawa a tantance.

Kada a bar gindin bishiyar sai an yi rubutu. A ba reshen lamba, a rubuta ta a gefen jaridar da za a sa shi ciki, a rubuta ta kuma a littafin aljihu, ba a maimaita lamba har abada. A ƙarƙashinta a sa kwanan wata, ƙauye da ƙaramar hukuma, da irin ƙasar, jigawa ce ko fadama ko fako ko bakin rafi. Sannan a rubuta duk abin da bushewa za ta ɓatar: launin fure, ƙamshi, ko reshen ya fitar da farin ruwa ko ƙaro da aka yanke shi, kamannin ɓawo, tsawon bishiyar bisa ƙiyasi. Kauri ana auna shi a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato wajen ƙirjin babban mutum. A zagaya tef, abin da ya bayar a raba da 3.14, an sami faɗin gangar jikin. Da fensir za a yi duk wannan. Biro yana malala in takarda ta ji danshi, kuma yana koɗewa da shekaru.

Tambayar suna ita ma da dabararta. Kada a ce wa dattijo, "Baba, wannan ba marke ba ne?" Kunya za ta sa ya ce shi ne. A miƙa masa reshen a ce, "Baba, ku a nan yaya kuke kiran wannan?" A tambayi mutum uku da ba su ji amsar juna ba, kuma a bambanta su: mafarauci, masassaƙi, makiyayi, tsohuwa mai haɗa magani. In sun saɓa, a rubuta duka, a faɗi wanda ya ce wane ta sana'arsa. Itace ɗaya ne wasu ke kira darbejiya, wasu maina, wasu bedi. Akasin haka ma yana faruwa: kalgo suna ɗaya ne, amma iri biyu ne a wajen masana, mai santsin ganye da ya fi yawa a ƙasa mai ƙarancin ruwa, da mai gashi-gashi a bayan ganye da ake ƙara samu in an yi kudu.

Dannewa a yi ta nan take, musamman ga dangin ƙaya. Ƙananan ganyen bagaruwa da gawo da farar ƙaya suna rufewa jim kaɗan bayan yanka, in sun rufe kuma ba sa sake buɗuwa. A shimfiɗa reshen cikin ninkin jarida, a baje ganyen kada su hau juna, a rage waɗanda suka cunkushe amma a bar guntun sandar kowanne don a ga inda ya tsiro. A juya aƙalla ganye ɗaya bayansa ya dubi sama. Ga dalili: ganyen magarya da na kurna ta fuskar gaba kusan kamarsu ɗaya, jijiya uku-uku daga gindin ganye, amma bayan ganyen magarya fari-fari ne mai laushin gashi, na kurna kuwa kore ne. In duk an manne su ta fuska ɗaya an binne shaidar. Ƙayar aduwa da ta miƙe tana huda takarda, a kwantar da ita da katako tukuna. 'Ya'yan ɓaure da na ɗinya a tsaga su biyu, in ba haka ba ruɓewa za su yi kafin su bushe. Ruwan tumfafiya da na tinya kuwa kada ya kusanci ido, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su.

Jerin shi ne katako, kwali, jarida mai reshe, kwali, jarida mai reshe, haka har sama, a rufe da ɗayan katakon a ɗaure tam, a ɗora bulo. Kwana uku na farko a sauya jarida kullum, daga nan bayan kwana bibbiyu. Wanda ya yi kasala a nan zai buɗe ya tarar ganye ya yi baƙi, fumfuna ta kama shi. Da hunturu mako guda yakan isa. A watan Agusta sai a kai mako biyu, kuma dole a riƙa fitar da matsewar rana a ɗaure, ko a jingine ta nesa kaɗan da murhu inda ɗumi ke kaiwa ba wuta ba. Ba a shanya reshe a fili, nannaɗewa yake yi ya karye. Alamar ya bushe ita ce a ɗaga shi ya tsaya ƙyam, kuma in an taɓa shi da bayan hannu ba a jin sanyi.

Farar takarda mai kauri, girman A3, ita ce ta manni. Farin gam na kafinta ake ɗiga wa kaɗan-kaɗan a bayan ganye, reshe mai kauri kuma a ɗinke shi da allura da zare a wuri biyu ko uku. Salatif yana sakin jiki bayan 'yan shekaru ya bar tabo, kunun rogo ko na fulawa kuma gayyatar kyankyasai ne. Bayanin littafin aljihu a kwafe shi a kusurwar dama ta ƙasa. Iri da furen da suka zube a zuba su a ƙaramin ambulan a manna a gefe. Abin da ya fi ƙarfin takarda, kamar ɗan kuka ko ƙwallon goriba da giginya, a rubuta masa lambar reshensa a ajiye daban, a ɗauki hoton bishiyar da waya.

Sai neman sunan kimiyya. Bayan ƙamus ɗin Dalziel akwai littafinsa na 1937 kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, da na R. W. J. Keay kan itatuwan Najeriya na 1989. Sunan Hausa hanya kawai yake nunawa. Sai an gwada siffar ganye da fure da abin da littafin ya bayyana kafin a amince. A kuma lura sunaye sun sauya. Gawo a tsofaffin littattafai Acacia albida ne, yanzu Faidherbia albida. Bagaruwa ta tashi daga Acacia nilotica ta koma Vachellia nilotica, kaɗanya daga Butyrospermum ta koma Vitellaria paradoxa. Wanda ya gagara a bar gurbin sunansa fari, a kai reshe na biyun ɗakin adana tsirrai na Jami'ar Bayero ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, su gwada shi da nasu.

Ajiya a adaka ta ƙarfe, takardun a kwance ba a tsaye ba, da ƙwayar kafur huɗu ko biyar a ƙulle cikin tsumma. A ɗora adakar kan bulo, nesa da bango, saboda gara. Farkon damina da ƙarshenta a buɗe a duba. In an ga gari-gari a ƙarƙashin fure, ƙwaro ya shiga. A ware wannan takardar, a kulle ta cikin leda, a kai wa mai firjin ƙanƙara ta yi mako guda a ciki, sannan a bar ta ta huce a cikin ledar kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kanta.