Kurakuran da Mutumin Damagaram Kan Yi a Bakin Teku da Magangarun Ruwa na Tsibirin Moris

Wanda ya tashi a Damagaram, inda ake tattalin ruwa kamar mai, yakan auna teku da ma'aunin tafkin Gidimuni idan ya sauka a tsibirin Moris da ke Tekun Indiya, kuma daga nan akasarin kurakuransa ke farawa.

Na farko yana faruwa tun kafin a sayi tikitin jirgi. Moris tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka lokutanta sun saɓa da namu: a watan Disamba, sa'ad da muke lulluɓe saboda ɗari, can zafi ake yi da ruwan sama, kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu ne guguwar teku ke barazana. Wanda bai shirya wa zaman ɗaki ba, gara ya tsara tafiyarsa tsakanin Mayu da Oktoba.

Kuskuren da ya fi hatsari shi ne ɗaukar cewa duk bakin teku ɗaya ne. Yawancin tsibirin kewaye yake da duwatsun murjani waɗanda ke karya ƙarfin igiyar ruwa, shi ya sa ruwan bakin tekun Flic en Flac ko na Trou aux Biches yake kwance. Amma a Gris Gris, kusa da garin Souillac a kudu, babu wannan katanga, igiyar tana dukan gaɓa kai tsaye, kuma wurin na kallo ne kawai ko ga gwanin iyo. Idan ruwa ya fara jan mutum zuwa ciki, kada ya yi kokawa da shi har ƙarfinsa ya ƙare. Ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar jan. Ko a ruwa mai kwanciya ma a sa takalmin roba, domin akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙale a duwatsu.

A magangarun ruwa kuwa, abin mamaki shi ne mun san darasin tun daga gida amma mukan manta. Kowane manomi ya san korama kan cika ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka inda yake tsaye ba, saboda an yi ruwa a can sama. Haka take a magangaru bakwai na Tamarin: da zarar ruwa ya fara gurɓacewa ko ƙararsa ta ƙaru, a hau tudu nan take, kuma tun farko a ɗauki ɗan jagora. Duwatsun can ba irin na unguwar Birni ta Damagaram ba ne da yara ke hawa da silifa, gansakuka ta rufe su. Magangarar Chamarel, mai tsawon kusan mita 100, daga dandalin da aka tanada ake kallonta.

Mai niyyar hayar mota ya tuna cewa a Moris hannun hagu ake bi.