Juya Robar Ki Karanta Bayanta: Yadda Ake Gane Abin da Ke Cikin Man Shafawa

Sana'ata gyaran amare ce a Kano, dilka da halawa da turaren jiki, saboda haka hannuna ya taɓa fata iri-iri. Kafin in sa wa amarya komai a jiki nakan ce ta kawo mini duk man da take shafawa, har wanda ta ɓoye a ƙasan jaka. Dalilina shi ne, akwai fatar da in aka ɗora mata halawa aka ja, tare da saman fatar za ta taso, kuma kusan kullum amsar tana rubuce a bayan wata 'yar roba ko wani ɗan tub. Abin da nake dubawa a wurin shi zan nuna miki, 'yar'uwa, don ki iya dubawa da kanki tun a shago, kafin kuɗinki su bar hannunki.

Gaban roba talla ne. Nan ake zana karas da gwanda da zuma da mace mai sheƙi. Ki juya baya ki nemi inda aka rubuta Ingredients, galibi da ƙananan haruffa. In idonki bai gani sosai, ki ɗauki hoton wurin da waya ki buɗa shi. Ko man daga Kwatano ko Abijan ya zo da Faransanci, sunayen sinadaran kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ƙa'idar jerin kuwa ita ce, abin da ya fi yawa shi ke zuwa farko, a yi ta gangarowa, sai waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su a kan jera su yadda aka ga dama a ƙarshe. To sunaye biyar na farko su ne ainihin man. In an cika gaban roba da hoton kaɗanya, amma Butyrospermum parkii, wanda shi ne man kaɗanya, bai fito ba sai can ƙasa bayan parfum, wato turare, ɗan ɗigo aka sa don a samu abin rubutawa.

Mai na kirki aiki uku yake yi. Yana jawo ruwa cikin fata, yana tausasa ta, yana rufe ta kada ruwan ya tsere. Aqua da za ki gani a farko ruwa ne kawai. Masu jawo ruwa su ne glycerin da urea da hyaluronic acid. Masu tausasawa su ne man kaɗanya da man koko da su cetyl alcohol da stearyl alcohol. Kada kalmar alcohol ta tsorata ki, waɗannan biyun dangin kitse ne, ba sa busar da fata. Wanda ke busarwa shi ne alcohol denat, musamman in ya zo a sama-sama. Masu rufewa kuma su ne petrolatum, wato basilin ɗin nan da muka tashi da shi, da paraffinum liquidum da dimethicone.

Da hunturu ne ake gane amfanin wannan rabe-raben. Iskar Disamba da Janairu ba ta da laima ko kaɗan, don haka mai ruwa-ruwa da ya dogara ga glycerin kaɗai ba ya riƙe jiki, kafin azahar kin yi furu-furu. Ki nemi wanda ke da petrolatum ko man kaɗanya cikin biyar ɗin farko, ki shafa da fitowarki wanka tun jiki na da sauran danshi. Hannu da ƙafa da ke shan alwala sau biyar su ma a riƙa bin su da ɗan mai bayan an tsane. Mai faso da kaushi ta nemi man da aka rubuta urea kashi 10 zuwa 25, ta shafa da dare, ta ɗora basilin, ta sa safa. Ni dai har gobe ban ga abin da ya fi man kaɗanya tsantsa da basilin arha da aminci a jiki ba. A fuska mai maiƙo ne kawai nake ja da baya da man koko da man kwakwa, don suna toshe wa wasu ƙofofin gashi su jawo ƙuraje.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. Akwai sunayen da in kin gan su, abin da ke hannunki magani ne, ba man shafawa ba. Na farko dangin steroid: clobetasol, betamethasone, fluocinonide, dexamethasone. Clobetasol yana cikin mafi ƙarfi da ake da su, likitoci na ba da shi na 'yan makonni ne a kan ciwon fata takamaimai, a daidai wurin ciwon. Mu kuwa a nan ana matse tub biyu ko uku a cikin babbar robar loshan a shafe jiki da shi tun daga goshi har yatsun ƙafa, shekara da shekaru. Haka tub ɗin nan masu aiki uku da ake saya a kemis don ƙaiƙayi ko ƙyasbi, in kin karanta za ki ga akwai steroid a cikinsu tare da maganin makero da na ƙwayoyin cuta.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne makonnin farko suna da daɗi. Ƙaiƙayi ya tsaya, ƙuraje su kwanta, fata ta yi haske ta yi sumul, kowa na tambayar me kike shafawa. Hasken nan daga matse jijiyoyin jini da danne aikin fata yake fitowa. Bayan watanni sai fata ta fara sirancewa kamar ɓawon albasa, koren jijiyoyi su bayyana a cinya da damtse, nankarwa mai faɗi ja ko shuɗi-shuɗi ta keto a hamata da ƙirji da bayan gwiwa, irin wadda ba ta komawa. Ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya su feso a fuska da baya, gashi ya tsiro a gemu da kunci, makero ya bazu don an kashe garkuwar wurin. Rauni kaɗan ya ƙi warkewa, kuma ma'aikatan asibiti na kokawa da yadda irin wannan fata ke wahalar ɗinki bayan tiyatar haihuwa. Ba a fata kaɗai yake tsayawa ba, yana ratsawa cikin jini, ya iya taɓa hawan jini da suga, fuska ta kumbura ta yi zagaye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne uwar da ke zuba irin wannan a man jaririnta wai don ya yi fari ko don zafin kunzugu. Fatar jariri ta fi ta babba saurin tsotsewa nesa ba kusa ba. Don Allah, Maman yara, a bari.

Na biyu hydroquinone. Shi aikinsa hana fata yin melanin, sinadarin da ke ba mu launinmu yake kuma kare mu daga rana. Likitan fata na iya ba da shi na 'yan watanni don wani tabo, a daidai kan tabon. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Kodebuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Ghana ta bi baya a kan hydroquinone a 2016, a Najeriya kuwa NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba. Wadda ta daɗe tana shafa shi tana shiga ranar Kano, sai kunci da goshi da bayan wuya su fara wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da 'yan gudaji, wanda ya fi baƙin da ta gudu tun farko, kuma yana da wuyar magani ƙwarai. Alamar da kowa ya sani ita ce gaɓoɓin yatsu da gwiwa da idon sawu su ƙi bin sauran jiki. In kin ga manki na rikiɗa zuwa ruwan ƙasa a bakin murfi bayan an buɗe, ki yi zargin akwai shi ko da ba a rubuta ba.

Na uku mercury, wato zaiba. Yakan ɓuya da sunan calomel ko mercurous chloride ko mercuric ko hydrargyrum, amma yawanci ba a rubuta shi sam. Yana lalata ƙoda da jijiyoyi, yana kawo rawar hannu da mantuwa, yana kai wa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono, har ma mutanen gida ta tawul da zanin gado. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta samo suna daga garin Japan da gubar zaiba ta yi wa ɓarna, ta ambaci kayan shafe-shafe cikin abubuwan da ake so a raba da shi. Wannan ba shi da wani ma'auni da zan ce miki ya yi daidai.

Saboda haka man haɗi da ake zubawa a farar roba ba suna ba jeri, wanda ake tallatawa a Instagram da TikTok da sunan na gargajiya ne ko na 'ya'yan itace zalla, ba na barin sa ya taɓa jikin amaryata. Karas da kurkum ba sa mai da mutum fari cikin mako ɗaya. Duk man da ya yi wannan, ki yi zargin ɗaya daga cikin ukun can na ciki. Lambar NAFDAC ma a duba ta, duk da cewa ana buga ta jabu, rashinta dai ya isa dalilin ajiye roba.

Na san yawancin masu faɗawa wannan ba farar fata suka fita nema ba, tabon ƙuraje ne ko baƙin goyon ciki ya dame su. Akwai abin da ke aiki a kan wannan ba tare da ɓarna ba, sai dai yana son haƙuri na wata biyu zuwa uku. Niacinamide kashi 2 zuwa 5 yana rage maiƙo ya daidaita launi, kuma yawancin fata na karɓar sa. Azelaic acid yana yaƙar ƙuraje da tabonsu lokaci guda, har mai ciki likita kan bar ta ta shafa. Ascorbic acid shi ne bitamin C, yana haskaka tabo, amma ba ya son haske da iska, in ya koma ruwan goro ya tashi aiki. Ga ƙuraje masu toshewa akwai salicylic acid kashi 2, ga masu ruwa kuma benzoyl peroxide kashi 2.5 zuwa 5, sai dai ki kula da shi, yana cinye launin hijabi da matashin kai. Retinol da tretinoin da adapalene na dare ne, a fara da ɗan kaɗan sau biyu a mako, kuma mai ciki ko mai neman ciki ta nisance su gaba ɗaya. Glycolic acid da lactic acid suna saɓule matacciyar fata, amma in aka zarce su ma ƙuna suke bari, fatarmu kuma duk inda ta ƙone baƙi take yi. Shi ya sa nake hana a haɗa su rana ɗaya da dilka, nake kuma hana goga lemon tsami a fuska a fita rana.

Duk wanda kika zaɓa cikinsu, ɗaya za ki fara da shi, ki kuma haɗa da man kariyar rana mai SPF 30 ko sama kowace safiya, in ba haka ba abin da kika gyara da dare rana za ta maido shi. Masu zinc oxide da titanium dioxide sun fi sauƙi ga fata mai saurin fushi, illarsu dai sukan bar toka-toka a baƙar fata, sai a nemi mai ɗan launi.

Sabon mai kuma ba a fara shi a fuska. Ki shafa kaɗan a cikin damtse ko bayan kunne safe da yamma na 'yan kwanaki. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi ko borin jini, ki duba jerin, sau da yawa parfum ne ko wani maganin hana ruɓewa irin methylisothiazolinone. Ki duba ranar lalacewa, da ɗan hoton buɗaɗɗiyar roba mai 6M ko 12M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe. Kada a bar mai a taga ko cikin mota, zafinmu na lalata shi tun kafin lokacinsa.

In kuwa kin karanta kin tarar kin daɗe a kan clobetasol ko ɗan'uwansa, kada ki yanke shi dare ɗaya. Fatar da ta saba da shi takan yi bore, ta yi ja, ta yi raɗaɗi, ta feso da ƙuraje, wannan ne ke mai da mata da yawa kansa suna cewa jikinsu ba ya son wani mai sai shi. Wadda ta shafe shekaru tana shafe duk jiki ma yankewar farat ɗaya na iya kwantar da ita ciwo. Ki tattara robobin da tub ɗin duka a leda, har na haɗin, ki kai wa likitan fata, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Ki faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da kika yi da inda kike shafawa, ki nemi a auna miki jini da suga, shi zai tsara miki yadda za a riƙa ragewa. A tsakanin nan ki riƙe sabulu marar ƙarfi, da basilin ko man kaɗanya, da man kariyar rana. Launinki na asali zai dawo, wani wurin ma ya fi da duhu na wasu watanni kafin ya daidaita. In biki ne a gabanki, ki faɗa wa mai gyaran jikinki tun ranar farko, don ta ajiye halawa da gurza mai ƙarfi ta bi ki da abin da fatar za ta iya ɗauka.